Itacen da Aka Dafa Shayi da Shi Alamar Hanyar Rijiya Ne

Zuwa ga Shugaban ƙungiyar da ke kai 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, yawon daji lokacin hutu, a nan Dakoro.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, tare da fatan kai da iyali da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni ce Hajara, mahaifiyar Balkisa, ɗaya daga cikin 'yan mata biyu da suka ɓace a fitar da kuka yi wajen Tagriss a wannan hutu. Sau biyu na zo biro, wato ofishinka, ban same ka ba. Da a ce maganar tsakanina da kai ce kawai, da na jira. To amma a gaban iyayen yara ka ce taurin kan 'yan matan ne ya ɓatar da su, shi ya sa ni ma na kawo tawa a bainar jama'a. Sai da na haifi 'ya'ya biyar na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka in ka ga kuskuren rubutu ka yi haƙuri. Da hannuna na rubuta, ba wanda ya faɗa mini abin da zan ce.

Kafin komai, alhamdu lillahi. Ɗiyata tana gida. Leɓunanta da suka tsage sun warke, mun gama cire mata ƙarangiya daga zane, har ta koma faɗa da ƙannenta a kan wanke-wanke. Jiya da na ji tana yi musu tsawa sai na zauna na yi ta dariya ni kaɗai. Ba da fushi nake rubutun nan ba.

Na farko, ga yadda abin ya faru, kamar yadda Balkisa da ƙawarta Nana suka ba ni labari, kowacce daban. Ranar Asabar kun yi zango a kan wani tudun yashi, kuka taka gaba ɗaya zuwa rijiyar makiyaya, tafiyar da ta kai awa guda. Tsakanin zangon da rijiyar akwai sanduna busassu da aka kakkafa, ɗaya a kan kowane tudu, an ɗaura tsumma a kan kowace. A dawowa samarinku suka riƙa tuge su suna saɓawa a kafaɗa, wai sun samu itacen gasa nama da na shayi ba wahala. Balkisa ta hana su. Wani ya ce mata, "Kai, Sarauniyar daji, gonar babanki ce?" Aka yi dariya, har da wasu manya.

Ranka ya daɗe, ni a wannan dajin aka haife ni, ubana makiyayi ne. Waɗannan sanduna ba itacen banza ba ne. A ƙasar da tudu ya yi kama da tudu, iska kuma take shafe sawu kafin gari ya waye, su ne hanya. Ana kafa su yadda in ka tsaya gindin ɗaya za ka hangi ta gaba. Daga nesa ake ɗauko su a kan jaki, domin wurin babu itace. Baƙo da yaro da tsohuwar da idonta ya yi rauni, duk da su suke kai kansu ga ruwa. Muna yara, ko akuya ta ture ɗaya, ba ka wucewa sai ka tayar da ita.

Na biyu, ranar Lahadi da hantsi ruwa ya ƙare a zango. Samari suna nan sun fi goma sha, an kewaye butar shayi, amma aka miƙa wa 'yan mata biyu bido, wato jarkar ruwa, aka ce ɗibar ruwa aikin mata ne. Ba babba ko ɗaya da ya raka su. Suka hau tudu na farko, babu sanda, babu sawun jiya. Suka bi inda suke zaton nan ne. Ina taurin kai a nan? An aike su, sun tafi.

Da azahar mahaifiyar Nana ta shigo gidana ba mayafi, ta ce an kira ta, ba a ga yaran ba. Ban san yadda na kai tasha ba. Na yi ta tambayar motar arewa, aka ce sai gobe. Na yi ta kiran lambarka, babu rezo, waya ba ta shiga. Na zauna a kan benci ina lissafin abin da na sani: rana ta take, bidon da ke hannunsu babu komai ciki, gabas da rijiyar nan kuma ba wani ruwa sai an wuni ana tafiya. Da ban san dajin ba, da na fi samun sauƙi.

Na uku, ba ƙungiyarku ce ta gano su ba, kuma ina so a faɗi haka. Wata dattijuwa ce Buzuwa, ana kiran ta Inna Takna. Ta taho rijiya da jakunanta, ta ga ramu a inda sanduna suke. Can gaba ta ga sabon sawun takalman 'yan birni, mutum biyu, ya karkata gabas. Ta bar shayar da dabbobinta, ta cika salka, ta bi sawun. Wajen la'asar ta hangi jan mayafi a saman wata aduwa. Balkisa ce ta ɗaura shi, ta kuma hana Nana ci gaba da tafiya, don na sha gaya mata cewa wanda ya ɓace ya zauna wuri guda a inuwa. Dattijuwar ta ba su ruwa kaɗan-kaɗan, ta hana su kwankwaɗa, ta ɗora su a kan jakai. Balkisa ta ce duk hanya faɗa take yi da 'yar Hausarta: "Ku mutanen gari, kun ci hanya, kun sha shayi da ita!" Ana kiran magariba waya ta shigo, na ji muryar ɗiyata tana cewa, "Inna, ni ce, kar ki yi kuka." Mata masu tuyar ƙosai a tasha su suka riƙe ni.

Na huɗu, ba zan ɓoye alheri ba. Mushe Isufu, ɗaya daga cikin manyan da suka raka yaran, ya yi ta yawon nema har ƙafafunsa suka kumbura, ya kuma zo gidana da kansa ya ce ya ga ana tuge sandunan, bai san amfaninsu ba. Wanda ya ce bai sani ba, na yafe masa. Na kuma ji cewa kafin ku taso an binne garwashi da yashi don kada ciyawa ta kama, an tsince leda duka don kada dabba ta haɗiya. Wanda ya koya wa yara wannan, Allah ya yi masa albarka. Da ma ya haɗa musu da sauran.

Ga abin da nake roƙo. Ka tara iyayen da ka tara, ka janye maganar taurin kai, domin Nana har yau ba ta son fita ƙofar gida. Kada a sake aiken yaro ko yarinya a daji ba babba. Duk inda za ku sauka, ku fara zuwa ku gai da masu wurin, ku tambaye su abin da ake taɓawa da wanda ba a taɓawa. Gaisuwa ba ta cin lokaci.

Babban roƙona shi ne sandunan. Yau kwana tara ke nan tuddan nan suna tsaye babu alama, mutane kuma ba su daina jin ƙishirwa ba. Tawa ta dawo. Ta wani fa? Samarin da suka tuge su, su nemo wasu, su ɗauka a kafaɗar da suka saɓo na farko, su je Inna Takna ta nuna musu inda kowace take. Tsummokaran da za a ɗaura na riga na yayyage su daga tsohon zanena, suna nan a ƙulle.

Mahaifin Balkisa ya ce ta gama zuwa daji. Ni na roƙe shi ya bar ta ta bi ku wannan tafiyar ta maido sandunan, ya yarda, da sharaɗin ina cikin motar. Ku tanadar mini wurin zama. Ina da sukari da ganyen shayi da zan kai wa wata baiwar Allah, kuma ina so in riƙe hannunta.

Allah ya ba ka ikon gyarawa, ya tsare maka naka 'ya'yan, ya sa duk yaron da ka fita da shi ka maido shi ga uwarsa da ƙafafunsa.

Wassalam.

Hajara, mahaifiyar Balkisa,
Dakoro.