Simintin da Na Ɓoye a Bangon Arewa

Da sunan Allah. Ni Moegsien Samodien, mai yaɓen gini, mazaunin unguwar Woodstock a Cape Town, nake rubuta wannan da hannuna zuwa ga 'ya'yana Tohier da Rugaya. Ƙafafu ne suka gaza, hankalina yana nan garau, kada wani ya ce tsufa ne ke magana.

1. Gidan nan naku ne ku biyu, ba rabawa, ba sayarwa. Kakan mahaifina ne ya gina shi a 1893 da jan bulo mai laushi da farar ƙasa, ya rufe shi da kwano. Ƙarfen adon baranda a jirgin ruwa ya zo, kuma har ya rasu matarsa na yi masa gorin ya sa wa gida leshi kamar amarya. Yanzu yana cikin gidajen tarihi da aka hana rushewa, wannan fargabar ta fita daga raina.

2. Kayan aikina na Tohier ne. Ɗakin gaba mai tagogi uku na Rugaya.

3. Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Shekara uku ke nan ba kwa ga-maciji saboda bangon arewa. Da danshi ya cinye shi, katakon daɓe ya ruɓe, kai Tohier ka ce wa Rugaya, "Ke da furanninki! Kullum kina tuttula ruwa a gindin bango, sai ka ce mai noman shinkafa." Ke kuma kika ce, "Sannu, injiniyan gari." Kika tuge furannin, kika kwashe kayanki kika bar gidan. Ina zaune da kofin shayi, na yi gum.

Ba furanni ba ne, ni ne. A 1988 mahaifiyarku na kwance asibiti, Sallah ta matso, sai na yaɓe bangon da siminti don ya fi saurin kamawa, na shafe shi da fari. Ni ɗin da nake cika wa magina kunne cewa tsohon bulo numfashi yake yi, siminti kuwa toshe masa hanci yake! Ruwan sama ya shiga ta tsaga, ya rasa mafita.

Watan jiya masu gyara suka ɓamɓare yaɓen. Shugabarsu ta ɗago guntu ta ce, "Baba, wane ɗan ci-da-ceto ne ya yi muku wannan ɗanyen aiki?" Na ce, "Ga shi nan zaune." Wallahi tun ranar nake barci mai daɗi. Ta tabbatar mini bangon zai bushe, gida ba zai faɗi ba.

4. Kada siminti ya sake taɓa gidan nan. Farar ƙasa kawai, duk shekara kafin Sallah, kuma tare za ku shafa.

5. Tohier, kai ne babba, kai za ka fara zuwa wurinta. Kada ka je da dogon bayani, haƙuri za ka bayar.

Rugaya, ke na zalunta. Girman kai ya sa na bar ki ɗauke da laifina, amma duk Lahadi kina lallaɓowa ta ƙofar baya da abincina don kada ki haɗu da yayanki. Ki yafe mini. Daga yau ta ƙofar gaba za ki shigo.

Allah ya yi muku albarka, ku da zuriyarku. Ku riƙe zumunci, kada in je kabari in bar ku a rabe.