Ruwan da Ba Shi da Gaɓa

Asabar, 11 ga Mayu

Na share tsakar gida sau biyu, na sake wanke tukwanen da suke a wanke. Inna Hajjo, surukata, ta ce in zauna kafin in share mata ƙasar gidan ta ƙare. To in zauna in yi me?

Tun cikin azumi muke abu ɗaya. An harbi jirgin ruwan da Awaisu ke aiki a ciki, mai dakon alkama, a Bahar Maliya, a yaƙin da ko sunayen masu yinsa ban iya faɗa daidai ba. An tsamo wasu da rai, an tsamo gawar wasu. Mijina ba ya cikin waɗannan, ba ya cikin waɗancan. Kamfanin ya ce wai ba a gan shi ba, sai ka ce akuya ce ta tsinke igiya.

Ɗan manomin masara, haihuwar Ƙarfi, me ya kai ka teku? Na sha tambayarsa. Sai ya yi dariya ya ce tun yana sakandare a Funtua yake haye dam ɗin Mairuwa da iyo, ruwa ya san shi. Baki gare shi kamar mai tallan magani. Ina kewar bakin nan.

Talata, 14 ga Mayu

Na fito zan tafi makaranta ban sa kwalli ba. Mantawa na yi, wallahi ba da wata manufa ba. Inna na bakin murhu, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Zakiyya, wa ya mutu?" Ta ce in koma in gyara idona, matar Auta (haka take kiran Awaisu) ba ta fita da ido fari kamar mai takaba.

Na koma na sa. Har na zizara shi ya wuce gefen ido.

A makaranta malamai sun rasa gaisuwar da za su yi mini. Mai cewa "ya haƙuri" sai ta haɗiye rabin maganar, mai cewa "ya labarin maigida" sai ta kau da kai. Yanzu duk sun koma tambayata ya ɗalibai.

Juma'a, 24 ga Mayu

An yi ruwan shuka. Inna ta sa Yaya Sanda, wan Awaisu, ya fara shuka gonar ƙaninsa kafin tasa, wai ya zo ya tarar da masara ta kai gwiwa. Yaya bai yi musu ba. Ya saɓa fartanya ya fita ko koko bai sha ba.

Lahadi, 2 ga Yuni

Na je gida Bakori. Umma na ganin idona ta ɓata rai. Wai mutane na magana, miji a ƙarƙashin ruwa mata na yawo da kwalli da ɗan kunne. Na ce su yi ta yi, bakinsu ne. Na faɗa da ƙarfi ne don kada in yi kuka.

Baba ya zaunar da ni a zaure. Ya tambayi malamai, sun ce matar wanda ya ɓace sai ta jira shekara huɗu, sai dai in alƙali ya gamsu cewa ya rasu, a lokacin ne za ta shiga takaba. Shi kuma ba zai je gaban alƙali a bayan idon Inna Hajjo ba, zumuncinsu ya girme ni. Ya ce abin da ke hana shi sukuni shi ne ni ba matar aure ba, ni ba bazawara ba, kuma ƙuruciya ba ta jiran kowa.

Shekara huɗu! A mota ina ta juya maganar. In na yarda da takaba, ni na binne shi da hannuna. In na ƙi, haka zan yi ta kwalliya wa wanda ba ya gani. Duk biyun haushi suke ba ni, har da shi Awaisun.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na sake kiran lambarsa. Na san ba za ta shiga ba.

Juma'a, 14 ga Yuni

Jibi Babbar Sallah. Inna da kanta ta kwaɓa lalle ta ƙunsa mini ƙafa, ta ɗaure da leda da tsumma tamau kamar mai tsoron in gudu. Tana yi tana ba ni labarin yadda Auta ke satar ƙullin ƙosai yana ƙarami. Na yi dariya har da hawaye, ta ɗauka duk na dariya ne.

Zaman lalle ga mai ƙaiƙayin ƙafa irina azaba ne. Ya kama kuwa, ja wur. Awaisu da yake son lalle, da ya gani da ya ce in miƙo ƙafar a ɗauke ta hoto.

Litinin, 17 ga Yuni

An kawo mini kason nama biyu, nawa da nasa. Inna ta soya nasa ta zuba a kwano ta rufe.

Laraba, 26 ga Yuni

Yaya Sanda ya samo lambar wani Jibril, mutumin Zariya, ɗaya daga cikin waɗanda aka tsamo. Muka zauna a ɗakin Inna ya buɗe muryar wayar. Jibril ya ce wutar ta tashi ne ta wajen injin, inda Awaisu ke aiki. Ya ce ya hango shi ya fito sama, hayaƙi ya shiga tsakaninsu, daga nan bayan jirgin ya nutse. Na tambaye shi ko yana sanye da rigar nan mai hana nutsewa. Ya ce bai lura ba.

Inna tambaya ɗaya ta yi: "Ɗana, ka ga gawarsa da idonka?" Ya ce a'a, Inna. Ta ce to madalla, Allah ya yi maka albarka. Da aka kashe wayar ta ce mu kwantar da hankalinmu, yaron da ke haye Mairuwa ya yi iyo ya kai gaɓa. Yana can wani ƙauyen masunta inda babu waya, suna jinyarsa.

Asabar, 29 ga Yuni

Ni da wayona na aro taswirar duniya daga makaranta, wai in nuna wa Inna girman teku ko ta rage sa rai. Na shimfiɗa a tabarma na ɗora yatsa a kan Bahar Maliya. Ashe a takarda siririya ce, yatsana ya rufe ta ruf. Inna ta leƙa ta ce, "Wannan ɗin? Ai rafi ne. Ga ƙasa nan, ga ƙasa nan."

Na je gyaran gira na tsone ido. Abin kunyar ma, ni mai koyar da yara, na zauna ina kallon siririn shuɗin nan ina cewa a raina ai kuwa zai iya.

Laraba, 3 ga Yuli

Duk mashin ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai na miƙe. Yau mai taki ne.

Asabar, 13 ga Yuli

Hajiya Sa'adiya, ƙawar Inna tun suna 'yan mata, ta dawo daga aikin Hajji. Muka je sannu da zuwa, ni da Inna. Ɗaki cike da mata, ana rabon dabino da zamzam, Hajiya na ta washe sabon haƙorin Makka tana ba da labari. Ba ta taɓa shiga jirgin sama ba, kuma aka ba ta kujerar taga.

Wata ta tambaye ta abin da ya fi ba ta tsoro. Ta ce ruwa. Kafin su sauka Jidda aka ce ga Bahar Maliya, ta leƙa. Ta ce tana can sama inda ake ganin gari guda kamar faifai, amma ta duba gabas ruwa, ta duba yamma ruwa, jirgi na ta gudu ruwan bai ƙare ba. Ta ja carbi ta gama ta sake ja, har yanzu ruwa.

Ba ta tuna da mu ba, na tabbata. Daɗin labari ne ya ɗebe ta. Sai Inna ta ce, a hankali, "Gaɓar fa, Sa'a?"

"Wace gaɓa, Hajjo? Ai babu..." Nan ta tsaya, ta rufe baki da gyale.

Inna ta shanye zamzam ɗinta, ta yi addu'a, ta yi sallama da kowa yadda ya kamata. A hanya ta riƙe hannuna, abin da ba ta taɓa yi ba. Da muka zo gefen gonar Awaisu ta tsaya tana kallon masarar, ta wuce gwiwa tuni.

Lahadi, 14 ga Yuli

Inna ba ta fito ba. Na kai mata kunu, na ɗauko shi yadda na kai.

Talata, 16 ga Yuli

Na sa kwalli da safe kamar kullum, na ɗauki jaka. Inna na zaune a ƙofar ɗakinta da tsinken tsifa a hannu. Ta ce yau ba makaranta, ta aika Yaya Sanda Bakori ya ce wa Baba su je wajen alƙali tare, in ya yanke sai a fara ƙirga mini kwanakin takaba. Sannan ta nuna mini tabarma a gabanta ta ce, "Zo in tsefe miki kan nan, 'yata. Na wahalar da ke."

Na zauna. Ta zare mini 'yan kunne ta sa a tafin hannuna. Tana tsifa, ba ta ja mini gashi ko sau ɗaya ba. Ta kai tsakiyar kai sai na ji ta ce Allah ya jiƙan Auta, ya sa ruwan nan ya zame masa shahada.

Ni dai ban san na yi magana ba. Matar Yaya da ke tankaɗe a gefe ta ce ta ji na ce amin. Wataƙila.

Tun hantsi nake zaune a wuri ɗaya, tsakar gida duk ganye, ban tashi na share ba.