Layin Ƙanena Yana Hannuna

Zuwa ga Hajiya Saude,

"Wagga lamba da ita za a kai ni kushewa. Ko Abuja Allah ya kai ni, wanda duk ya kira, ni za ya ji." Ƙanena ne ya faɗi haka, uwa ɗaya uba ɗaya, a bainar jama'a ranar da ya ci kansila. Ki taimake ni da shawara, Hajiya, don na kai inda in ba a riƙe ni ba zan yi abin da gidanmu zai daɗe bai warware ba.

Zan kira shi Sanda, ba sunansa ba ne. Ni malamar firamare ce, na yi shekara talatin da ɗaya da alli a hannu kafin na ajiye aiki. Ni na goya Sanda, ni na koya masa baƙi da wasali. Da ya shiga siyasa, ni ce ƙafarsa a inda namiji ba ya shiga. Gida gida na bi, daga Zugu har Yargalma, a bayan babur, ina rubuta wa mata lambarsa a bangon ɗaki da gawayi, ina cewa in ya yi ƙarya ni za su kama. Kuma a lokacin bai yi ba. Shekarar da gubar dalma ta yi ta ɗibar mana yara, wayar nan ba ta huta ba, shi ma bai huta ba. Da ya zama ciyaman yana ɗauka. Da ya tafi majalisar jiha a Gusau yana ɗauka, ko da a gurguje. Wata biyu da rantsar da shi a majalisar tarayya, layi ya mutu.

A wajen wani suna a Gummi na sha kunyar da ban taɓa sha ba. Wata mata ta kira lambar a gaban taro, ta ƙure muryar wayar kowa ya ji ana cewa a kashe take, sannan ta miƙo mini wayar. Abin da Sanda ya manta shi ne, lokacin da aka tilasta yi wa layuka rajista yana ta fama da kamfe, ni na je na yi da sunana da yatsana. Sai na tafi ofishin kamfanin waya, aka sabunta mini layin, na sa a wayata.

Yau wata biyar ke nan. Hajiya, mutanen nan ba su taɓa daina kira ba. Wani dattijo daga Zugu ya fara da "ranka ya daɗe" tun kafin na yi magana, yana so a san cewa damina biyu ke nan 'yan bindiga sun hana su gonakin da ke bayan rafi. Wata uwa daga Yargalma, ɗiyarta tana cikin waɗanda dalma ta taɓa, yanzu budurwa ce amma ba ta iya haɗa magana, tana tambayar ajin da Sanda ya ce za a buɗe wa irinsu. Akwai wanda ba ya roƙon komai, haihuwa aka yi masa ya sa wa yaron sunan Sanda, yana so ya sanar da mai sunan. Duk ina cewa zan isar, ina rubutawa. Na cika littafi ɗaya na shiga na biyu.

Na kira shi a sabuwar lambarsa, wadda mu 'yan gida kaɗai muke da ita. Ya yi dariya, wai Yaya ba ki san Abuja ba, aikin ɗan majalisa yin doka ne, in ya biye wa waya ba zai zauna zama ko ɗaya ba. Na ce masa na karanta kundin tsarin mulki tun yana wasan ƙasa, ban ga sashen da ya ce wakili ya kurmance ba. Ya kashe. Inna kuwa, tsohuwa ta haura tamanin, kullum maganarta kada na tona wa ɗan'uwana asiri, kuma ta ce in na yi ba ta yafe ba.

To ni ma asirina ne a bangon ɗakunan matan nan. Na aika masa: nan da Juma'ar ƙarshen watan nan ya zo ya karɓi layinsa da littattafan nan hannu da hannu. In an sauko daga masallaci bai zo ba, duk wanda ya kira zan karanta masa sabuwar lambar, sannu a hankali, sau biyu.

Yayar Onarabul, daga Bukkuyum

Amsa

Malama, fushinki yana kan hanya, kuma ba zan ce ki haɗiye shi ba. Wanda ya ɗora mutuncinsa a kan maganar wani yana da haƙƙin tambaya. Amma shi ma ba duka ya yi ƙarya ba. Kansila na unguwanni ne, ɗan majalisar tarayya na dubban ɗaruruwa ne, ba mai kunnen da zai ɗauke su duka. Laifinsa shi ne ya rufe ƙofa bai buɗe wata ba, bai kuma fito ya ce alkawarin ya fi ƙarfinsa ba.

Yanzu ga naki. Wata biyar kina cewa za ki isar, alhali kin san saƙon a littafinki yake kwana. Uwar nan ta Yargalma tana can tana jira, a zatonta maganarta ta kai Abuja. Wannan ki gyara shi yau, ba sai Juma'a ba: duk wanda ya kira ki gaya masa gaskiya, ke ce yayarsa, ya daina amfani da layin, kina ƙoƙari amma ba ki da tabbas.

Raba lambar kuwa harbi ne da harsashi ɗaya. Kafin la'asar zai sayi wani layin, wannan karon ba zai ba ki ba. Talakawa ba su samu ba, ke kin rasa hanyar da kaɗai ta rage, ga fushin Inna a kanki.

Ki bar wa'adinki yadda yake, ki canza abin da zai biyo baya. Ki tace littattafan zuwa manyan buƙatu uku ko huɗu, kowace da sunan gari. Ki zauna ki karanta wa Inna su da bakinki, ki fara da ta yarinyar nan. Uwa ba ta son a tona ɗanta, amma ba ta son ya tashi da haƙƙin mutane a wuya, kuma kiranta ɗaya ya fi naki goma. Abin da za ki nema ƙarami ne, mai wuyar ƙi: amintaccen mutum a ofishin mazaɓa ya riƙe layin, shi kuma ya ware yini ɗaya a wata ya amsa da kansa.

In ya ƙi, kada ki yi masa terere. Ki gaya masa a gaban Inna cewa zaɓe mai zuwa ba za ki shiga gida ko ɗaya dominsa ba, kuma matar da ta tambaye ki dalili za ki faɗa mata. Ɗan siyasa ya san lissafin wannan fiye da ni da ke.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya ƙara wa Inna lafiya, ya sa ƙaninki ya juyo tun mutane suna kiransa.

Hajiya Saude