Na Yi Wa Katin Mijina Laminetin, Aka Kira Amininsa Ɓarawo

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da ku masu karatu na gida da na ƙetare. Don girman Allah a ɓoye sunana. Sunan da zan kira a ciki ma ba na ainihi ba ne, saboda Hausawan Greensboro ta Amurka ba mu da yawa, in ka yi tari a titin Gate City Boulevard da hantsi, kafin la'asar an kira ka daga Maraɗi ana yi maka sannu. Ina roƙon a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci. Zagi kam na san zan sha, ba sai an yi gaggawa ba.

Ni 'yar Kano ce, shekarata tara da aure. Ina aiki a wani ɗan ofishi da ake cike wa baƙi fom, a yi musu fotokofi, a aika musu kaya gida. Maigidana direban babbar mota ne a wani kamfanin kujeru. Mutum ne mai hankali a komai sai a abu guda, wato katuna. Ba na caca ba, da ma shi ne, da na san sunan ciwon. Katunan hotunan 'yan wasan ƙwallon da ake bugawa da sanda ne, irin na yara da ake samu a cikin ƙunshin cingam, da tsofaffin littattafan zane na wasu ƙarti masu tashi sama da mayafi a wuya. Yana saye yana sayarwa a intanet. Namiji da gemunsa, furfura ta fara leƙowa, sai ya zauna da madubin ƙara girma yana leƙen kusurwar takarda kamar likitan ido. Ga yadda haukan yake, don ku gane: kati ba ya daraja sai an aika shi wani kamfani sun duba gefensa da kusurwoyinsa da fuskarsa, sun ga ko hoton ya zauna a tsakiya, sannan su ba shi maki daga ɗaya zuwa goma su rufe shi a cikin wata 'yar roba mai tauri. Shi suke kira giredin. Ka biya kuɗinka, ka jira wata biyu ko uku, don wani da ba ka taɓa gani ba ya ce takardarka ta ci bakwai. Ni da na yi difloma da gumina, ba a taɓa tarairayar satifiket ɗina haka ba.

Ɗakin baƙinmu ya zama ɗakin katuna. Ba a buɗe taga, wai danshi. Ba a kunna turaren wuta ko a falo, wai hayaƙi yana shiga takarda. Ku ji fa! 'Yar Kano a hana ta turaren wuta a gidan aurenta saboda hoton wani ƙato riƙe da sanda? Da ƙanwar mahaifiyata ta zo mana kwana uku, a kujerar falo ta kwana, katuna na kan gado. Ban taɓa ɓoye rainina ba. Ko ƙofar ɗakin ba na kallo, in ya fara ba ni labari sai in ce masa, "Allah ya shirya, Alhajin cingam."

Yana da abokin sana'a, zan kira shi Malam Isuhu, ɗan Maraɗi ne, yana tuƙa motar haya. Shi ke riƙe da makullin ɗan masallacin da muke salla, shi ke buɗewa ya share. Matarsa da 'ya'yansa uku suna gida, shekara da shekaru yana fafutukar takardunsu. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in ka taka shi sai ya ba ka haƙuri, kuma gaskiya wannan sanyin nasa haushi yake ba ni. Wata Asabar suka tafi Irving Park, unguwar masu kuɗi. A nan ƙasar in tsoho ya mutu magada kan buɗe gidan su manna wa komai farashi, har cokali. Suka haɗa kuɗi suka sayi wani kwalin takalmi cike da tsofaffin katuna, kuma a ciki suka tsinci guda ɗaya da ya sa maigidana ya shigo gida yana rawa. Ya ce in katin nan ya ci takwas, rabon Malam Isuhu kaɗai zai biya lauya ya sayi tikitin iyalinsa gaba ɗaya. Na leƙa na ga wani mai kumatu da hula a takardar da ta fara ja don tsufa. Na ce, "Wannan ne zai ɗauko mutum huɗu daga Maraɗi?" Ya ce, "Ke dai ba za ki gane ba."

Wannan kalmar ce ta tsaya mini a wuya. Ni ce ba zan gane ba? Ranar Litinin Malam Isuhu ya zo suka shiga ɗakin suna auna gefen katin da 'yar rula, suna magana ƙasa-ƙasa kamar masu jinya. Maigidana ya fito yin alwalar la'asar ya bar shi a ciki shi kaɗai, bayan salla suka yi sallama a kan ranar Laraba za a kai gidan waya. Ina kicin ina jin su suna lissafin watannin da za a jira kafin a rufe shi a roba. Na ce a raina, roba dai? A ofishinmu akwai injin laminetin. Duk takardar da Bahaushe yake ji da ita a garin nan ta hannuna take bi: takardar haihuwa, shaidar aure, sakamakon jarrabawa. A minti biyu nake manne mata leda ta fito tana sheƙi, ruwa ba ya taɓa ta har abada. Mu haka muka taso, abin da kake so ka yi masa laminetin. To me ya sa waɗannan wawaye biyu za su biya baƙo kuɗi a kan abin da nake yi kullum?

Karambanin akuya, gai da kura. Ranar Talata da ya fita aiki na shiga ɗakin, na zare katin daga 'yar jakarsa, na sa a jakata na tafi ofis. Wallahi ba da niyyar ɓarna na yi ba, amma ba zan yi muku ƙarya in ce don taimako na yi ba. So nake in jefa masa shi a kan tebur in ce, "Ga gomanka nan, kyauta." Na sa shi a leda mafi kauri, na tura a inji, ya fito da ɗuminsa. Har na sa almakashi na zagaye kusurwoyin ledar yadda nake yi wa kowa, don kada ta soki hannu. Na kalle shi na ce ko masu kamfanin albarka.

Da yamma muna cin abinci, katin na cikin jakata a kan kujera, na ce bari in ɗan ja shi tukuna kafin in fito da shi. Na ce, "Ni kam wannan giredin naku, me zai hana ku yi wa katin laminetin kawai ku huta?" Ya ajiye cokali ya kalle ni, sannan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Laminetin? Ai wannan jana'iza ce. Gam ɗin yana kama fuskar katin, zafi ya dafa shi, ba ya ɓaruwa kuma. Kamfani ko karɓa ba za su yi ba. Katin da zai sayi mota sai ya koma ko kofin shayi ba zai saya ba. Ai ko mahaukaci ba zai yi haka ba." Ya ci gaba da cin tuwonsa yana girgiza kai. Me ya hana ni faɗa a lokacin? Dariyar. Shekara tara ina yi masa kallon sakarai, sai in buɗe jaka in nuna masa wace ce sakaryar gidan? Na tashi na kwashe kwanuka.

Da safiyar Laraba ya shiga ɗakin zai shirya katin, sai na ji ihu. Ya zazzage akwatuna, ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado. Ya fito gumi na zuba ya ce, "Wa ya shiga ɗakin nan?" Ba tambayata yake ba, da kansa yake magana, ko zargina bai yi ba. Nan ne na yi abin da ya fi laminetin ɗin muni. Na ce, "Ni dai na ga ranar Litinin ka fito alwala ka bar mutum a ciki shi kaɗai." Ban yi ƙarya ba, ko? Haka na riƙa gaya wa kaina. Na ga fuskarsa ta canza, ya ɗauki waya ya fita waje.

Yau sati uku ke nan. Kun san mutanenmu, ba aikin da suka iya kamar ɗaukar magana. Waɗanda jiya suke cewa Malam Isuhu waliyyi ne, yau su ne ke cewa da ma sun lura idonsa ba ya tsayawa wuri ɗaya. Matan da ba su san kati daga katifa ba sun zama ƙwararru, suna kirana suna jajanta mini, "Ai mai shiru-shiru shi ne abin tsoro." Wata har ta ce yanzu ta tuna takalmin mijinta ya taɓa ɓata a masallaci. Munafukai! Ina jin su ina tsaki a zuci, kuma ni ce na ba su abin taunawa. Dattawa suka ce ya miƙa makullin masallaci har a gano gaskiya. Ya ciro shi daga aljihu ya ba su.

Shekaranjiya ya zo ofishinmu yin fotokofin takardun matarsa. Na so in shige bayan gida, ya riga ya gan ni. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya gaishe ni har da rusunawa kamar kullum, ya ce, "Madam, ke ɗai ta ba ki canza mini huska ba cikin garin ga. Don Allah ki yi wa ɗan'uwana magana. Wallahi inda munka aje shi nan na baro shi. Ni ba kuɗin ad damuwata ba, labarin ya kai Maraɗi, ɗiyata ta kira ni tana kuka, an ce da ita ɗiyar ɓarawo." Na tsaya ina danna inji, katin yana gida a cikin fayil ɗina, tsakanin shaidar aurena da diflomata. Kun san abin da na ji? Haushi. Me ya sa ba zai yi faɗa ba? Me ya sa ba zai zagi kowa ba, ko na samu dalilin tsanarsa? Na ce, "Allah ya bayyana gaskiya, Malam." Ya ce amin, ya biya kuɗin fotokofinsa, har ya yi mini godiya. Ban taɓa raina wani mahaluki kamar yadda na raina kaina a lokacin ba.

Kada ku ce ban nemi mafita ba. Na gwada ɓare ledar ta kusurwa ɗaya, sai hular mutumin ta biyo ta, na mayar da sauri. Na yi tunanin in jefa shi bayan gado a ce faɗuwa ya yi, ko in aiko shi ta gidan waya ba suna. To kati ne yake yi wa kansa laminetin? Duk Bahaushen garin nan ya san wace ce ke kan injin, kuma duk gidan da ka shiga akwai takarda mai zagayayyun kusurwoyi irin nawa. In na ƙone shi na huta, amma Malam Isuhu ya mutu da sunan ɓarawo. In na fito da shi, na kashe tikitin mutum huɗu, na raba aminai, na bar bawan Allah sati uku a bakin duniya ina kallo. Wane namiji ne zai ci gaba da cin tuwon irin wannan matar? Kuma har yanzu, Allah ya sani, in na kalli takardar nan ban ga abin da ke cikinta ba. Mai kumatu ne da sanda, yanzu ma ba hula.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, dattawa sun yanke cewa ranar Juma'ar nan bayan salla kowa zai dafa Alƙur'ani. Malam Isuhu zai rantse bai ɗauka ba. Maigidana kuma zai rantse cewa bayan fitar Malam Isuhu babu hannun da ya taɓa katin a gidansa. Na ce masa, "Ka bar maganar rantsuwar nan mana, ba abin wasa ba ce." Ya ce, "Tsoron me zan ji? Daga ni sai ke a gidan. Ke kuwa ko an biya ki ba za ki taɓa katunan nan ba, na san yadda kika raina su. A kanki zan iya dafa Alƙur'ani ido rufe." Ya faɗa yana murmushi, har ya dafa kafaɗata.

Yau Laraba. Jibi mijina zai yi alwala ya ɗora hannu a kan littafin Allah ya rantse a kan ƙarya, saboda ya yarda da ni. Ba na neman a lallashe ni, na san abin da na yi. Ku dai gaya mini ta inda ake fara irin wannan magana, da kuma wanda zan fara durƙusa wa a cikinsu. Jama'a, me zan yi?