Rumbun Amana na Unguwar Kuka

Daga Ashafa, Unguwar Kuka ta Aujara, zuwa ga yayana Malam Sharhabilu a Dutse. Gaisuwa da girmamawa da neman albarka.

Bayan haka, Yaya, yunwa ta ci ƙarfinmu. Tun da masu awon gona na Nasara suka tafi da kai kana yi musu rubutu, ba a ƙara ɗora tukunyar tuwo a gidan nan ba. Dusa ta ƙare. Matata Gaji tana bin mata tonon gidan tururuwa, a wuni a samo hatsin da bai cika ludayi ba. 'Yata Bilki, 'yarka da kake goyawa zuwa masallaci, ƙafafunta sun kumbura.

Ga rumbun amana nan tsaye a tsakiyar gari, da damin gero sha tara na iri, kowane gida ɗaya, da shatin tafinka a kan yumɓun da aka liƙe bakinsa. Na san rantsuwar da muka yi, ba a buɗewa sai ruwan shuka ya sauka, kuma sai da hannun mai riƙo. Kai ne mai riƙo. Ka zo ka buɗe, ko ka ba da izini. Ɗan'inna mai jaki zai jira amsarka. Wasalam.

*

Daga Sharhabilu zuwa ga ƙanena Ashafa. Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka da iyalinka da jama'a baki ɗaya.

Bayan haka, na karanta, na yi kuka. Na nemi a sake ni ko na kwana uku, Baturen ya ce sai an gama awo.

Amma ka tuna yadda Baba yake faɗin kalmar nan. Akuyar da aka bar maka kiwo amana ce. Maganar da aka faɗa maka a kunne amana ce. Mu kanmu, mutanen Jahun 'yan amana suke kiranmu, don gidaje sha tara ne da ba dangin juna ba, rumbun nan ne ya haɗa su gari guda. Geron nan ba nawa ba ne balle in bayar. In aka cinye shi, kwana goma zai yi, sannan ruwa ya zo ba abin sakawa a rami, baɗi kuma ba wanda zai saura. Ku ƙara haƙuri, na ga hadari ta gabas. Ga ɗan gumba na ba Ɗan'inna don Bilki. Haza wasalam.

*

Daga Ashafa zuwa ga Yaya. Gaisuwa.

Na roƙe ka abinci, ka aiko mini da karatu. Hadarin da ka gani a duwatsun Dutse ya tsaya, nan ko tsawa ba mu ji ba. Gumbar ta yi kwana biyu, an gode.

Shekaranjiya na ɗauki gatari na nufi rumbun. Ba zan ɓoye maka ba. Dattawa suna zaune a gindin kuka, ba wanda ya tashi ya tare ni, don ba mai ƙarfin tashi. Da na ɗaga gatarin sai na ga tafinka, har da karkataccen ɗan yatsan nan da ka karye muna yara. Na kasa, Yaya. Na tsani kaina da na kasa, kai ma na ji haushinka.

Jiya Bilki ta ce mini, "Baba, in Baffa ya zo zai buɗe?" Na ce zai buɗe.

Tunda ka iya lissafa amana, ita wannan yarinyar fa? Ranar suna kai ka yi mata huɗuba, ka miƙo mini ita ka ce in riƙe amanar Allah. Wacce zan riƙe a ciki? Ina roƙonka don Allah, don nonon da muka sha. Ba ni da sauran wata magana.

*

Daga Sharhabilu zuwa ga Ashafa. Aminci.

Ka fi ni gaskiya. Na shafa tawada a tafina na danna a ƙasan takardar nan. Ka tara dattawa, ka ɗora ta a kan shatin da ke yumɓun, su ga hannu ɗaya ne. Ku buɗe. A raba rabi ga gidajen da ke da yara, a liƙe rabi. Alhakin rantsuwar yana wuyana ni kaɗai. Ruwa ya cika fadama a hanya, na ce wa Ɗan'inna ya bar jakin ya taho da ƙafa. Ka gaya wa Bilki Baffa ya buɗe. Ka yafe mini jinkiri.

*

Daga Ashafa zuwa ga Yaya Malam. Gaisuwa.

Takardarka ta iso Laraba. Bilki mun kai ta makwancinta Litinin.

Mun buɗe kamar yadda ka ce, yaran gari suna shan kunu. Rabon gidana na mai da shi cikin iri, ba mai sha. Ruwa ya sauka Juma'a, mun yi shuka, har gonarka na shuka maka.

Dattawa sun ce idan ka dawo kai za ka ci gaba da riƙo. Gaji tana gaishe ka. Wasalam.