Ni na kunna muryar abokina a majalisa

Assalamu alaikum Hajiya mai shafi, da sauran masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Masu zuwa su rubuta "Allah wadai" su wuce alhali ko layi uku ba su karanta ba, na san ku sarai, da irinku na saba zama, don haka ku riƙe kayanku.

Ni ɗalibi ne ɗan Gwaram, ina ajin ƙarshe a wata kwaleji aka rufe makarantu saboda korona. Cewa aka yi mu je gida na ɗan lokaci, ga shi an yi azumi, an yi salla, an yi shuka, har gero ya fitar da kai muna nan zaune. Ina da aboki, bari in kira shi Nasiru, mutumin Kwandiko ne, ɗakinmu ɗaya tun shekarar farko. Shi ne gwanin ajinmu, har Farfesa ake ce masa. Mahaifinsa ya rasu, duk gidansu shi aka zuba wa ido ya gama ya samu aiki. Ba zan yi muku ƙarya ba, ina son sa, amma na gaji da zama inuwarsa. Ko Babana in zai yi min faɗa sai ya ce, "Ka dubi ɗan Kwandikon nan mana."

Da kulle ya yi nisa sai Nasiru ya canja. Ya daina ɗaga waya, in ya ɗaga ma daga "to" sai "Allah ya sa". Wata rana da hantsi sai ga saƙon murya daga gare shi, dogo. Na kunna, sai na ji namiji baligi yana kuka. Yana cewa ƙirjinsa yana matsewa kamar an ɗora masa buhu, ya buɗe littafi ya rasa me yake karantawa, abinci ya fita daga ransa, gona ma ya kasa zuwa, gani yake shi ke nan ba za a ƙara buɗe makaranta ba, wahalar da Innarsa ta sha a kansa ta tashi a banza. Yana ta maimaita, "Ƙirjina, wallahi ƙirjina." Kun san abin da na fara ji? Ba tausayi ba, raini. Na ce a raina, au, ashe haka Farfesan yake? Mu da muke cin rana a gonar gyaɗa ba mu yi kuka ba, sai shi? Na ɗauka sangarta ce, ciwon masu hutu, irin wanda 'ya'yan masu kuɗi suke koyowa a waya.

Akwai wata majalisa da nake zama a gindin darbejiya kusa da mai faci. Ba ku ga mutane ba. Ƙarti da gemu, wasu har da 'ya'ya, ba wanda zai iya nuna maka abin da ya tsinana daga safe zuwa la'asar. Da can musun ƙwallo ne yake riƙe su, da aka dakatar da ƙwallon sai bakunansu suka rasa abin taunawa, suka koma cin naman mutane. Babbansu wani Ɗanjuma ne, wanda bai taɓa gama komai a rayuwarsa ba sai kwanon abincin wani. Ranar da saƙon ya zo ya ce min, "Kai, ina mutuminka Farfesa? Ko korona ta tafi da shi ne?" Na ce, "Farfesa yana can yana kuka." Suka ce ƙarya nake. Sai na zaro waya na kunna musu. Har da masu faɗowa daga benci don dariya. Ɗanjuma yana share hawaye ya ce, "Don girman Allah turo min." Na tura masa. Ba wanda ya matsa min. Daɗi nake ji yau ga ni a sama, shi a ƙasa, kuma wai a gaban waɗannan. Wa ya fi wani lalacewa tsakanina da su?

Kafin sati ya zagayo muryar ta shiga wayoyin gari. Ranar kasuwar Gwaram Innarsa ta lallaɓa shi ya fito ya sayo taki, ko ya ɗan ga mutane ya sha iska. Yana sauka daga mota wasu 'yan acaɓa suka dafe ƙirji suna maƙe murya, "Ƙirjina, wallahi ƙirjina!" Bai sayi takin ba, ya juya gida. Da yamma ya kira ni, na ɗauka. Sai na ji ya ce, "Ka ga abin da Hauwa ta yi min?" Hauwa ita ce yarinyar da yake nema, 'yar Birnin Kudu, tana karatun aikin jinya. Ashe mu biyu ya tura wa saƙon, ni da ita. Ya ce, "Ku biyu ne kawai kuke da shi. Kai kuwa ko a mafarki ba zan zarge ka ba." Kun san amsar da na ba shi? Cewa na yi, "Ai mata sai a hankali, mutumina." Da bakina na faɗa. Ranar ya kira ta ya gaya mata maganganu, ya ce kada ta ƙara neman sa, ya toshe lambarta.

Bayan 'yan kwanaki sai ga kiran Hauwa. Muryarta a dishe ta ce, "Malam, kai ne amininsa, zai ji maganarka. Wallahi ko ƙanwata ban kunna wa ba." Na ce mata ta yi haƙuri, zan yi masa magana. Ta ce, "Ni ba ma ta kaina nake ba. Abin da yake damunsa ciwo ne, ciwon damuwa, kuma ana maganinsa. Na daɗe ina lallashin sa ya ga likita, har ya fara yarda. Ya taɓa ce min da ma babu shi da kowa ya huta. Wanda ya fara irin wannan magana ba a barin sa shi kaɗai. Ko bai yafe min ba, don Allah ka kai shi asibiti." Ana zarginta da abin da ba ta yi ba, amma lafiyarsa take nema, ni kuwa ina riƙe da waya ina "in sha Allahu" kamar mutumin kirki.

Na hau babur na je Kwandiko. Da ƙyar na gane shi. Ya rame, suma ta cukurkuɗe, yana zaune a ɗaki ya tura ƙyaure da rana tsaka. Innarsa ta tare ni a zaure ta ce, "Ɗan nan, Allah ya yi maka albarka, duk abokansa kai kaɗai ka tako." Ga wani kawunsa can, wanda tun rasuwar mahaifin Nasiru bai taɓa tambayar ko sun ci ko ba su ci ba, yau shi ne masani, ya cika gidan da hayaƙi yana cewa boko ne ya taɓa masa kai. Na dube shi na ji kamar in tofa masa yawu, sai na tuna ni na fi shi ɓarna, shi ko ba komai a fili yake tasa. Na zauna da Nasiru na yi ta ba shi baki da kalmomin Hauwa kamar nawa ne, har ya yarda zai je asibiti a Birnin Kudu. Amma da sharaɗi. Ya ce, "Sai dai in da kai za mu je. Kai kaɗai ka rage min." Mun sa ranar Litinin mai zuwa.

Jiya kuma na bi ta gindin darbejiya zan wuce, don na daina zama da su, sai Ɗanjuma ya ɗaga murya, "Malam, ka guje mu ke nan? Wai Farfesa ya san wanda ya turo min kuwa?" Suka kwashe da dariya. Sirrina yana hannun mutumin da ko kunun da ya sha da safe ba ya iya ɓoyewa.

To ga inda nake. In na gaya wa Nasiru gaskiya yanzu, ina tsoron ya ce ya fasa asibitin, kuma ban san abin da zai yi wa kansa ba in ya ga ni ma haka nake. In na yi shiru har ya samu sauƙi, Hauwa za ta ci gaba da ɗaukar laifina, danginsa suna kiran ta maciya amana, kuma ko yaushe yana iya ji daga bakin wani ɗan acaɓa a tasha. Ita ma Hauwa ban san da wane ido zan dube ta ba, ga shi da na gaya mata ya yarda, ta ce ranar Litinin za ta laɓe daga nesa ta ga shigarmu, don hankalinta ya kwanta.

Don Allah wanda ya san ciwon nan, ko ya taɓa jinyar mai shi, shi nake so ya ba ni amsa. In faɗa masa kafin Litinin, ko in bari sai ya ga likita? Ko Hauwa zan fara samu? Me zan yi?