Ba Guba Ba Ce, Kaska Ce

Daren Laraba, Rano.

Na gaji tiɓis, amma raina fari ƙal. Sakamakon jinin Duna, karen farautar Baba Sale na Kahu, ya iso daga Kano. Madubin duba ƙwayoyin cuta na asibitinmu na dabbobi bai nuna komai ba, sai gwajin ƙwayoyin halitta ne ya gano cutar da kaska ke sa wa jini. Wata biyu ke nan Baba ba ya gaisawa da ƙaninsa Audu, wai shi ya ba karen guba.

Na je Kahu na yi wa Duna allura, na nuna wa Baba kaskar da ke kunnen karen. Ya dube ta, ya ce, "Ɗan nan, wannan 'yar abar ce ta raba ni da ɗan'uwana?"

Ina tada babur na hango shi da goro a hannu, ya nufi ƙofar Audu.